Ranar da Na Kai Ƙanƙara Jos

Shekarun baya, kafin abin da zan ba ku labarinsa ya faru, na yi imani cewa duk garin da yake kan dutse garin zafi ne. Ba a littafi na karanta wannan ba, a jikina na karanta shi. Duk wanda ya tashi a Rano ya san halin duwatsun da suka kewaye mu idan bazara ta kama: su wuni suna shan rana, da la'asar ta yi su fara amayar da abin da suka sha, har bango da tabarma da ruwan randa su ɗauki ɗumi. Na sha jin zancen sanyin Jos, amma na ɗauka magana ce ta watannin sanyi, lokacin da kowane gari yake samun rabonsa. A lissafina, garin da ya fi mu duwatsu dole ya fi mu shan wuya da bazara, tunda ya ma fi mu kusa da rana. Ina da digiri a lokacin, ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kibiya, kuma na sha faɗin wannan ra'ayi a majalisa ba tare da kowa ya musa mini ba.

Bazarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano ce. Wayar hannu ba ta iso mana ba tukuna, saƙo sai ta bakin direba. Mahaifina ya rasu a ƙarshen daminar da ta gabata. Mahaifiyata ta yi takaba ta gama, amma sai ya zama kamar takabar ce ba ta gama da ita ba. Mace ce da aka san ta da daddawa. Daga Tarai da Durba ake aiko mata da saƙo ranar kasuwa, kuma ba ta taɓa yarda ta sayar da wadda ba ta gamsu da ƙamshinta ba. Tun da aka yi rasuwar ta kife tukunyar. Ta daina fita, ta daina faɗa, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro, domin gidanmu bai saba da shirunta ba. Abinci kuwa sai ta taɓa loma biyu ta ture kwanon ta ce ta ƙoshi. Da zafi ya tsananta ta ƙara zubewa. Na kai ta wurin likita, ya duba ya ce bai ga wata cuta da zai kira da suna ba, amma ya ja ni gefe ya ce idan ba ta koma cin abinci ba, wannan bazarar za ta yi mata nauyi.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Jos. Ƙanwata, wadda take aure a can wurin wani ɗan kasuwar kayan gwari, ta haihu. Haihuwarta ta uku ce, amma namiji na farko, kuma an mayar masa da sunan mahaifinmu. Aka yi suna ba mu je ba, saboda halin da ake ciki. Bayan 'yan kwanaki, ina zaune ina yi mata fifita, sai mahaifiyata ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ka nemo mota ka kai ni in ga mai sunan Malam."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri damina ta faɗi. Garin nan fa a kan dutse yake. Nan ma da ƙyar kike wuni, ina ga can?"

Ta ce, "Wa ya yi maka alƙawarin zan ga damina?"

Na tashi na fita neman mota. Da na zo haɗa mata kaya kuma na ga abin da ya ƙarasa kashe mini baki. A ƙasan akwatinta akwai farin yadi a naɗe, da ɗan ƙullin turare, da zare da allura. Na san ko mene ne. Ta hango ni riƙe da shi ta ce, "Mayar da shi inda ka gan shi. Matafiyi ba ya barin guzurinsa."

Tunda na kasa hana tafiyar, sai na ƙudura cewa zafin Jos ba zai kashe mini uwa ina kallo ba. Na shiga shiri irin na mai zuwa yaƙi. Na sayi mafitai na kaba. Na sa aka dama farau-farau, aka jiƙa tsamiya. Na zaɓar mata mayafai marasa nauyi, ni ma na ɗauki rigunan da suka fi kowanne shara-shara. Bargon da ta saka a cikin kaya, da hannuna na cire shi don a sami wuri. Sannan na yi abin da har yau ba a daina tuna mini da shi ba. A lokacin wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa, don haka ƙanƙara daga Kano ake kawo ta a buhu, an lulluɓe ta da garin katako, kuma mai samunta da bazara a Rano ya zama abin kallo. Na bi mai kawowar har gida na sa ya ware mini ƙaton dunƙule, na ari babbar kula na danna shi a ciki.

Wanda zai kai mu abokina ne tun na firamare, mai wata tsohuwar mota da baki wanda ba ya hutawa. Tun da na shiga jami'a yake kirana Farfesa. Da ya ga kayan ya riƙe ƙugu ya ce, "Farfesa, Jos aka ce mini za mu je, ko Agadas?" Shi ma bai taɓa zuwa da bazara ba, saboda haka da na yi masa bayanin dutse da rana sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, ku ne masu karatu."

Muka tashi bayan sallar asuba. Muka bi ta Rurum muka faɗa hanyar Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore. Ko'ina a bushe, ciyawa ta ƙone, shanu suna tsaye a inuwar da ba ta ishe su ba. Kafin hantsi ya yi nisa motar ta zama kamar tanda. Ina zaune a baya kusa da ita, ina fifita, lokaci-lokaci in ɓanɓaro ƙanƙara in naɗe a ƙyalle in ɗora mata a goshi. Ita kuwa tana jan carbi, idonta a rufe. A raina ina cewa, idan nan ƙasa haka ne, yaya saman dutsen zai kasance?

Bayan mun wuce Saminaka abubuwa suka fara saɓa wa lissafina. Na farko, na ga ɗanyar ciyawa ta tsiro a bakin hanya. Na ce wataƙila fadama ce. Can gaba kuma sai ga mutane a gona da fartanya, ƙasar da suke juyawa baƙa ce, jiƙaƙƙiya. Mahaifiyata ta buɗe ido ta kalli waje ta daɗe tana kallo, sannan ta ce:

"Waɗancan shuka suke yi?"

Abokina ya ce, "Da alama, Inna."

"A wannan watan? Mu da ko hadarin ƙarya ba mu gani ba?"

Wannan ce tambaya ta farko da na ji ta yi game da wani abu na duniya tun rasuwar mahaifina. Da muka bar Jingir hanya ta fara hawa, motar tana nishi, kunnuwana suka toshe suka buɗe. Iskar da take shigowa ta taga ta sauya gaba ɗaya. Sai na ga ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, ta ce a ɗaga gilashi. Na ɗauka zazzaɓi ne, na kai hannu goshinta ina ci gaba da fifita da ɗaya hannun. Abokina ya leƙo ta madubi ya fashe da dariya.

"Farfesa, don girman Allah ajiye maficin nan. Dubi hannunka, kai ma tsigar jikinka ta tashi."

Na duba, gaskiya ne. Daga nan sai na koma kamar yaron da aka fara kaiwa birni. Ga duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da gangan, ga shingen ƙyarana ya kewaye gonaki, ga dogayen itatuwan turare suna rausaya, ga manyan kududdufai da abokina ya ce ramukan haƙar kuza ne. Rana tana nan tarwai a sama, amma ba ta cizo. Na sauke gilashin gefena na fitar da hannu ta taga ina cewa, "Kai! Kai! Ikon Allah!" har ya ce idan ban yi shiru ba zai sauke ni in ƙarasa a ƙafa.

Mun isa wajen azahar. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Mijin ƙanwata ya fito da fara'a yana sauke kaya, sai ya ci karo da kular. Ya ɗaga ya ji nauyi.

"Yaya, nama kuka yo mana guzuri?"

Na ce, "A'a, ƙanƙara ce. Saboda Inna."

Ya buɗe ya leƙa. Ya dube ni, ya sake leƙawa. Sai ya dafa motar ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi, yana kiran mutanen gidan: "Jama'a, ku fito ku ga ikon Allah! Surukina ya kawo mana ƙanƙara daga Rano!" Da na je alwala na zuba ruwan buta a baki, haƙorana suka amsa, sai na fahimci girman abin da na yi.

Amma dariyar ba ta daɗe a bakina ba. Aka miƙa wa mahaifiyata jaririn, ta karɓa ta zuba masa ido. Ba za ta iya kiran sunansa ba, tunda sunan mijinta ne, sai ta ce, "Angona, ka zo ka iske ni na ƙare." Hawaye suka zubo mata. Ƙanwata ta kawo abinci, ta ture ta ce ta ƙoshi. Na ji tana ce mata a hankali, "Na gan shi. Abin da ya rage kuma na Allah ne." Ƙanwata ta ɗago ta dube ni, ni kuma na tuna da farin yadin da yake ƙasan akwati.

Akwai wata maƙwabciyarsu a gidan, Kirista ce 'yar ƙasar, dattijuwa mai yawan raha. Ba zan ɓoye ba, a shekarar nan zantuka sun yi yawa tsakanin mutane, kuma na shigo garin da ɗari-ɗari. Ita ko a jikinta. Bayan la'asar ta shigo da wata kakkaurar suwaita da safa, ta durƙusa ta ce, "Mama, sa wannan. Ruwa na zuwa, kuma na ga ɗanki bai kawo miki komai ba sai mafici."

Mahaifiyata ta juya rigar ta ce, "Ni da rigar 'yan makaranta? Da tsufana?"

"Mama, sanyin garin nan ba ya tambayar shekaru."

Suka taru da ƙanwata suka zura mata. Ni kuwa na fita na ɗaga kai, ban ga alamar komai ba sai wani ɗan gajimare a bayan duwatsu. A Rano irin wannan sai ya yi mako yana yaudarar manoma. Ban gama wannan tunani ba gari ya rufe. Iska ta taso mai sanyi, ƙamshin ƙasa ya cika hanci, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muna tsaye a baranda muna mamaki, sai ƙarar rufin kwano ta sauya, ta koma kamar ana watsa tsakuwa. Fararen abubuwa suka fara tsalle a tsakar gida, wasu kamar gujjiya, wasu sun fi haka. Yaran gidan suka ɓarke da ihu: "Ƙanƙara! Ƙanƙara!"

Ban ga lokacin da ta tashi ba. Kawai na ga ta miƙa wa ƙanwata jaririn, ta ratsa ta gabana ba takalmi, ta faɗa tsakar gida. Matar da sai an riƙe ta take zuwa bakin ƙofa. Na yi ihu, "Inna! Inna, za ki faɗi!" Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta sunkuya tana tsinta tana zubawa a bakin zaninta, ruwa yana dukan bayanta. Sai ta ɗago ta daka mini tsawa, irin tsawar da na yi wata da watanni ina kewa:

"Kai, ɗan boko! Tsayuwa za ka yi kana kallona? Cire hular nan ka tara mini!"

Na cire hula na faɗa cikin ruwan. Ƙanƙara tana ƙwanƙwasa mini kai, ina tsinta ina zubawa a hula, ina dariya ban san dalili ba. Abokina ya kifa faifai a ka ya shigo yana cewa, "Farfesa, ga ta nan kyauta, ba buhu ba garin katako!" Maƙwabciyar ta fito da tire tana tarawa, mijin ƙanwata yana daga baranda yana yi mana kirari. Mahaifiyata ta jefa guda a baki, ta runtse ido don sanyi, sannan ta yi dariya. Dariya sosai, har da riƙe ciki. Tsofaffinmu suna cewa ƙanƙarar sama maganin zuciya ce. Ban san gaskiyar wannan ba, kuma ban taɓa tambayar likita ba.

Da ruwan ya tsagaita aka shigar da ita ɗaki, aka sauya mata kaya, aka kawo kaskon gawayi. Ni ma aka ba ni aron rigar sanyin mijin ƙanwata, wadda hannunta bai kai mini wuyan hannu ba. Tana riƙe da jiƙaƙƙiyar hulata, sauran ƙanƙarar tana narkewa a ciki, sai ta fara magana ba wanda ya tambaye ta.

"Rabona da ganin wannan tun ina amarya a Tarai. Ranar da ta sauko, kunya ta hana ni fita, ina leƙe ta labule. Sai ga Malam ya shigo a jiƙe, ya tara mini a hularsa. Ashe kakarku tana ganinsa. Ta ce, 'Oh, hular zuwa masallacin ce ta zama kwanon amarya?' Wata guda bai iya haɗa ido da ita ba."

Muka yi ta dariya, ita ma tana yi. Shi ne karo na farko da ta ambaci mahaifina ba tare da muryarta ta karye ba. Ta karɓi jaririn ta ce, "Ka ji, angona? Kai ma idan ka girma haka za ka yi mini, ba irin wannan kawun naka mai ɗauko ta a mota ba."

Kafin magariba ƙanwata da maƙwabciyar suka haɗa gwaten acca mai zafi, da ganye da kabeji. Aka ajiye mata ba wanda ya ce ta ci. Duk mun kawar da kai muna satar kallo. Ta ɗauki cokali ta kai baki. Ta sake. Ta ci gaba har muka ji ƙarar cokali a gindin kwano. Sai ta tsaya ta ɓata fuska.

"Wannan daddawar a ina kuka samo ta?"

Ƙanwata ta ce, "A kasuwa, Inna."

"An cuce ku. Ba ta nuna ba aka kwashe ta. Bari in koma gida, zan aiko muku da ta gaske."

Abokina ya taka mini ƙafa. Ban iya dubansa ba, na tashi na fita baranda na tsaya ina kallon duwatsun da ruwa ya wanke.

Na yi 'yan kwanaki kafin in koma bakin aiki, kuma a cikinsu na koyi bazarar garin kamar ɗalibi. Safiya da sanyi, sai ka nemi shayi da abin rufa. Da hantsi rana ta fito fes, ka yi yawonka ba gumi. Daga azahar zuwa la'asar kuma ka sa ido a bayan duwatsu, domin hadarin can ba ya doguwar sallama. Da yamma sanyi ya dawo. Kular tawa tana nan a bayan ƙofa, kullum da safe mijin ƙanwata sai ya buɗe ya ce, "Yaya, baƙuwarka ta kwana lafiya, ta ce ba ta ga abin da zai sa ta narke ba." Da na zo tafiya mahaifiyata ta ce ita ba yanzu ba, sai ruwa ya sauka a Rano. Ta kuma ce in ba direba bargonta ya kawo mata.

Yau da nake da shekara hamsin, nakan zauna in tambayi kaina mene ne ya tashe ta. Iskar ce ta ba jikinta hutu? Jaririn ne? Ko hular mahaifina ce da ta dawo mata a cikin tawa? Ba ni da amsa, kuma na daina ƙoƙarin raba su. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, da ta bi shawarata da ba mu je ba, kuma da zuciya ɗaya na ba da shawarar. Na auna garin da ban taɓa gani ba da dutsen bayan gidanmu, na kuma ɗauka ilmi ne. Tun daga lokacin, idan na ji kaina ina magana da cikakken tabbaci, nakan tsaya in duba ko akwai kula a bayan motata.

Masu tambayata game da zuwa Jos da bazara, abin da nake ce musu kaɗan ne: ku ɗauki rigar sanyi da bargo da lema, ku gama zirga-zirgarku kafin la'asar, ku bar mafici a gida. Wasu suna cewa yanzu sanyin ya ragu, garin ya cika da gine-gine. Mai yiwuwa. Ni dai zuwana na ƙarshe ma sai da na nemi abin rufa.

Mahaifiyata ta dawo Rano bayan saukar ruwan farko, sanye da suwaitar maƙwabciyar, wadda ta ce ta bar mata. A makon ta aika aka sayo kalwa, ta ɗora tukunya. Daga shekarar, duk bazara a Jos take yin ta. Farin yadin nan kuwa bai sake fitowa daga ƙasan akwati ba sai da mai sunan Malam ya girma har ya tsaya a sahun sallarta.